Lambar da Kafaɗar Mahaifina ta Rufe

Hoton da ya tayar da ni daga Kano har ya dangana da ni Legas bai fi tafin hannu girma ba. Baƙi da fari ne, gefensa ya ɗan cinye, kuma ya daɗe a cikin adakar Hajiyarmu, tsakanin takardun fansho da wani tsohon katin awon jarirai. A cikinsa marigayi mahaifina yana tsaye a kan matakalar wani kan jirgi mai shan man gas, saurayi sosai, sanye da kayan aikin reluwe, hannunsa ɗaya riƙe da ƙarfen hawa. An rubuta lambar kan jirgin a jikin ɗakin direba da manyan alƙaluma huɗu, amma kafaɗarsa ta rufe biyun tsakiya, sai 1 a farko da 7 a ƙarshe kawai ake gani. A bayan hoton akwai hatimin wani mai ɗaukar hoto na Sabon Garin Zariya, da wani rubutun fensir da ban taɓa kula da shi ba. Mahaifina ya rasu ban tambaye shi wane kan jirgi ne wannan ba, kuma tun ranar da Hajiya ta miƙo mini hoton abin yake cin raina, har na ɗauki hutun mako guda na ɗaura niyyar bin sawunsa.

Na fita ran Litinin bayan sallar asuba, na shiga mota a tashar Unguwa Uku a kan naira 5,000. Mun bi ta Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari, aka tsayar da mu sau uku a shingen jami'an tsaro ba tare da an sauke kowa ba, kafin hantsi muna Kwangila.

Tashar jirgin ƙasa ta Zariya tana Sabon Gari, kuma duk wanda ya san abin da ta kasance a da sai jikinsa ya yi sanyi idan ya shige ta yau. Nan ce mahaɗar da layin Funtuwa da Gusau da Ƙaurar Namoda ya rabu da babban layin Legas zuwa Kano, daga nan kuma ƙaramin layin kuza ya taɓa tashi zuwa Jos kafin a rufe shi a 1957. Na tarar da ciyawa ta rufe yawancin digar, awaki suna kiwo a ƙarƙashin taragai, ga wasu kawunan jirgi sun yi layi a can gefe, fentinsu kore da rawaya ya koɗe har ya koma kamar launin busasshiyar kuka. Wani mai gadi ya nuna mini inuwar wata darbejiya inda tsofaffin 'yan reluwe suke zaman hira, ya ce in nemi dattijon da ke zaune a kan kujerar roba, domin shi ya daɗe yana jan jirgi tsakanin Zariya da Kano.

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina, bai gane shi ba, amma ya yi masa addu'a kamar ɗan'uwansa. Na ce, "Baba, ga abin da ya kawo ni. A ganina jikin nan mai duhu kore ne, wannan zanen mai haske kuma rawaya, irin waɗanda muka taso muna gani." Ya karɓi hoton da hannu biyu, ya nisanta shi da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, ka fara daga inda kowa yake farawa, kuma nan ne ake ɓata," in ji shi. "Fenti riga ce. Duk sanda aka kai inji babban gyara sai a tuɓe masa ita a sa masa wata, kuma riga ɗaya ake ɗinka wa na Ingila da na Amurka da na Kanada. Idan kana son sanin asalin mutum, rigarsa za ka duba ko tsagar fuskarsa?"

Ya ƙara da cewa a hoto baƙi da fari ja da kore kusan toka ɗaya suke komawa, saboda haka ko rantsuwa na yi cewa jikin kore ne, zato kawai nake yi. Maganar ta zauna mini, domin makonni na ɓata a intanet ina gwada hoton da na kawunan jirgi masu launi, ina neman wanda zanensa ya yi daidai, ashe neman da nake yi tun tushe a karkace yake.

Daga nan ya juya bayan hoton, ya sa farce a kan rubutun fensir ɗin nan: 2/6. Ya ce sule biyu da sisi ke nan, kuɗin wankin hoton, kuma tunda naira ba ta fito ba sai a farkon 1973, to duk kan jirgin da aka sayo bayan wannan shekara ya fita daga lissafi, ciki har da na kamfanin General Electric masu lamba 1801 zuwa sama, waɗanda suka zo a tsakiyar shekarun 1970. Sai ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce in biyo shi in koyi ƙirga ƙafa.

Mun taka har gindin ɗaya daga cikin matattun kawunan jirgin, ƙirar Montreal ta ƙasar Kanada, cikin guda 54 da aka kawo a 1972 masu lamba daga 1701. Ya nuna mini cewa kan jirgin dizal a kan rukunin ƙafafu biyu yake zaune, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma injin ba ya juya ƙafafun kai tsaye: janareto yake juyawa, wutar ta tafi ga ƙananan injinan lantarki da ke maƙale tsakanin ƙafafun. Ya buga sandarsa a kan wata 'yar ƙaramar ƙafa da ke can gaban manyan uku, ya ce wannan ba ta ja, jagora ce kawai, tana rage wa diga nauyi tana kuma shigar da inji kwana a hankali. Muka koma ga hoton. Ƙarƙashin takalmin mahaifina ƙafafu uku ne a jere, babu ƙaramar jagora a gabansu. Na Kanada ya fita. Haka ma 1007 ya fita, wato ɗaya daga cikin goman farko da English Electric ta ƙera a 1955, masu ƙarfin doki 750, domin su ƙafa bibbiyu gare su a kowane rukuni.

A kan waɗannan goman ya fi daɗewa yana magana, kuma ban katse shi ba. Ya ce ba banza aka fara kawo dizal Arewa ba. Kwal ɗin da injin tururi yake ci daga Inugu ake ɗauko shi, sai ya ratsa rabin ƙasa kafin ya iso Zariya, ga shi da rani ruwan da tukunyar inji take sha yakan yi wuya, alhali dalar gyaɗa tana tsaye a Kano tana jiran tarago. Kan jirgin da ba ya neman kwal, ba ya tsayawa shan ruwa a kowace tasha, shi ne maganin wannan matsala. Ya kwaikwayi kukan kowane inji da bakinsa: na Amurka mai guɗa ɗaya doguwa ba yankewa, na Kanada mai tari da baƙin hayaƙi idan aka buɗe masa wuta. Ya ce da a ce hoto yana magana, da bai kai minti ɗaya ba zai gaya mini amsar. Amma tsakanin na Amurka masu lamba daga 1101 da na Ingila masu lamba daga 1401 idonsa ba zai iya yanke hukunci ba, don haka in tafi Ebute Metta a Legas, inda hedikwatar reluwe da babban wurin gyara suke. Na ba shi goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya karɓi goron ya mayar mini da kuɗin.

Da la'asar na wuce Kaduna, na kwana a wani masauki kusa da Kawo a kan naira 15,000, na ci tuwon shinkafa da miyar taushe a wajen wata mai abinci a bakin titi.

Washegari na shiga jirgin Abuja a Rigasa, da tikitin da ɗana ya saya mini ta waya da lambar katin ɗan ƙasa. Wannan layi mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016, wata duniya ce daban da wadda na baro a Zariya. Faɗin digarsa milimita 1,435 ne, na tsohon layi kuwa 1,067, don haka kan jirgin mahaifina ko da yana raye ba zai iya taka shi ba. Kafin a buɗe ƙofa na matsa gaba na dubi kan jirgin, ƙirar ƙasar Sin, na tarar da idona ya riga ya sauya: ban tsaya a kan koren fentinsa ba, ƙasa na duba ina ƙirga ƙafafu. Cikin taragon akwai sanyin na'ura da kujeru masu laushi, ga jami'an tsaro da bindigogi suna kai da kawowa. Na tuna jirgin da muke hawa muna yara daga Gombe, tagogi a buɗe, ƙura tana shigowa, masu tallan rake da dafaffen ƙwai suna miƙo kaya a kowace tasha, mu kwana mu wuni ba mu isa ba. Wancan ya fi wahala nesa ba kusa ba, amma a cikinsa babu wanda yake tsoron daji. Da muka kusa Katari, inda aka kai wa jirgi hari ranar 28 ga Maris 2022, hira ta ɗauke a taragonmu, wata dattijuwa a gefena ta ciro carbi, ba ta mayar da shi ba sai da muka sauka a Kubwa.

Daga Abuja zuwa Ibadan babu jirgin da zai kai mutum kai tsaye, dole na koma mota, kuma wannan ce rana mafi tsanani a tafiyar. Na biya naira 32,000, muka tashi da sassafe ta Gwagwalada da Abaji da Koton Ƙarfe, muka haye gadar Murtala a kan kogin Kwara, muka tsaya a Lakwaja na ci soyayyen kifi da doya. Daga Okene zuwa Owo shingaye suka yi yawa har na daina ƙirgawa bayan na ashirin. A ɗaya daga cikinsu wani jami'i ya sa na buɗe jakata, ya ga madubin ƙara girman rubutu da hoton a naɗe cikin leda, ya tambaye ni ko ni mai sayar da kayan tarihi ne. Da na yi masa bayani sai ya riƙe hoton ya yi shiru, sannan ya ce kakansa ma ɗan reluwe ne a Kafanchan, amma ko hoto ɗaya ba su da shi. Ya naɗe shi da kansa, ya mayar cikin jakar a hankali. Bayan Akure lagireton motarmu ya fashe, muka yi awa uku a bakin daji kafin bakanike ya zo a kan babur, ruwan sama yana dukanmu, ni kuma na cusa ledar hoton cikin rigata ta ciki. Sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare na shiga Sabo.

A Sabon Ibadan wani abokin ƙanena mai fataucin goro ya sauke ni, ya hana ni biyan ko kwabo. Da safe muna shan koko da ƙosai ya gaya mini cewa kakanninsa a tarago suke loda huhunan goro zuwa Kano, shanu kuma su gangaro a taragon da ya dawo, kuma yawancin tsofaffin gidajen unguwar da kuɗin wannan hanya aka gina su. Ya kai ni Moniya na shiga jirgin Legas, kilomita 157 ta Abekuta, tafiyar da ba ta kai awa uku ba.

Harabar reluwe ta Ebute Metta gari ce guda a cikin gari, mai manyan itatuwa da tsofaffin gidajen Turawa, kuma da zarar mutum ya shige ta hayaniyar Legas sai ta koma baya. A cikinta akwai gidan da ake kira Jaekel House, bene ne da aka gina a 1898, aka gyara shi a 2010 aka mayar da shi ƙaramin gidan tarihi. Na zaga ina kallon tsofaffin hotuna da fitilun ba da hannu da kayan aikin da irinsu mahaifina ya riƙa. A barandar gidan na haɗu da wani dattijo Bayarabe, tsohon fita, wato mai gyaran injin jirgi, wanda ya ji ina waya da Hausa ya amsa mini da Hausar Zazzau tsantsa, domin ya yi shekaru a loko ɗin Zariya, wato wurin ajiye kawunan jirgi da gyaransu, yana matashi. Da na gaya masa inda Baban Zariya ya tsaya, sai ya ce in jira shi, ya tafi gida ya dawo da wani littafin rubutu mai baƙin bango da ya sha maiƙon hannu, wanda a ciki ya jera kawunan jirgin da ya taɓa kwancewa.

Ya shimfiɗa hoton a kan benci ya karɓi madubina. "Malam, bari mu bar ƙafa tukuna, mu hau sama," in ji shi. Ya nuna mini rufin dogon hancin injin, inda wasu gajerun bututu biyu suka ɗan leƙo a bayan hular mahaifina. Ya ce injin General Motors na wancan zamani, wanda ake kira 567 saboda girman cikin kowace silinda inci 567 ne a awon kubik, ba shi da tabo, wato fankar da hayaƙin inji yake juyawa ta tura masa iska, iska ake hura masa da fanka mai haƙora, kuma hayaƙinsa ta ƙananan bututu biyu yake fita. Masu lamba daga 1401 kuwa, guda 29 da kamfanin AEI na Ingila ya kawo a 1966, injin Sulzer mai silinda shida gare su, mai tabo, hayaƙinsa ta mafita ɗaya. Sannan ya sauko kan ƙafafun uku, ya auna tazararsu da tsinken ashana, ta farko da ta biyu, ta biyu da ta uku, suka zo daidai. Ya ce a irin wannan rukuni ta tsakiya 'yar rakiya ce, ba ta da injin lantarki, an sa ta ne don a raba nauyi saboda digarmu da gadojinmu marasa kauri ne; inda duka ukun suke ja, sau da yawa tazarar takan bambanta don a samar wa injin na uku wuri.

Duk da haka bai yarda ya rufe magana ba sai ya san shekarar hoton. Ya ce in kira wanda ya girme ni a gida. Na kira Hajiya, na ce, "Hajiya, don Allah yaushe kika fara ganin hoton nan na Baba?" Ba ta yi jinkiri ba. Ta ce ranar da ta tare ta gan shi a cikin akwatinsa, a Gombe, kuma shekarar ce jirgi ya fara isowa garin, domin saboda sabon layin aka ɗauko shi daga Zariya. Dattijon ya buga cinyarsa. Layin Barno ya isa Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Hoton da yake cikin akwati a 1963 ba zai nuna kan jirgin da bai zo ba sai 1966.

Ya buɗe littafinsa ya nuna mini shafin: General Motors, samfurin G12, silinda 12, ƙarfin doki kimanin 1,300, guda 25, an kawo su a 1958, lamba 1101 zuwa 1125. A cikinsu biyu ne kawai suke ƙarewa da 7, wato 1107 da 1117.

Mun fita da hoton tsakar rana inda haske ya fi ƙarfi. Ya ɗora madubin a daidai inda ɗinkin kafaɗar rigar mahaifina ya haɗu da jikin ƙarfen, dab da 7 ɗin, ya ce in sunkuya in duba da kaina, kada ya faɗa mini abin da zan gani. Da farko ban ga komai ba sai ƙwayoyin toka. Da idona ya zauna sai na ga wani ɗan farin lanƙwasa, bai fi tsinin allura ba, ya leƙo daga bayan rigar kamar jinjirin wata. Alƙalamin 1 a tsaye yake, ba shi da ciki. Wannan gefen sifili ne. Na ɗago na ce masa 1107, ya gyaɗa kai, ya juya wasu shafuka ya nuna mini lambar a rubuce da hannunsa, cikin waɗanda ya taɓa sauke musu kan silinda. Hawaye suka zubo mini a gaban mutumin da ban san shi ba sai ranar, shi kuwa ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya jiƙan mazan jiya.

Na tambaye shi launin da 1107 yake da shi a lokacin hoton. Ya ce shi a kore da rawaya ya same shi, amma wannan bayan shekaru ne, kuma ba zai ɗora wa hoton rigar da bai gani da idonsa ba.

Na kwana biyu a Agege wajen ɗan kawuna, na sa aka wanke mini hoton babba a wani shago a kan naira 8,000, sannan na biyo doguwar motar dare zuwa Kano, kusan kwana da wuni a hanya.

Na isa gida ran Litinin bayan azahar, na tarar da Hajiya a kan darduma. Na miƙa mata babban hoton, ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ba ta dubi lambar ba ko sau ɗaya. Ta ce hular nan ita ce ya zo da ita gaisuwar iyayenta, kuma a Gombe ta riƙa gane jirginsa da dare tun yana nesa, saboda kukansa dogo ne ba ya yankewa, sai ta tashi ta ɗora ruwan zafi. Na ɗauko ƙaramin hoton na asali na juya bayansa, na fere fensir, a ƙarƙashin 2/6 ɗin mai hoto na rubuta: Zariya, tsakanin 1958 da 1963, kan jirgi 1107. Hajiya ta karɓa ta mayar da shi cikin ledarsa, ta sa a adaka ta kulle.